Suna a Jikin Ƙofa: Tarihin Yaƙi da Daɗaɗɗen Rashin Matsuguni a Amurka da Finlan

Gabatarwa

A kwanaki goma na ƙarshen watan Janairu, lokacin da hunturu ya kai maƙura a Amurka, dubban ma'aikata da 'yan sa-kai kan fita cikin dare riƙe da fitilu da takardu. Sukan leƙa ƙarƙashin gadoji da tashoshin jirgin ƙasa da motocin da aka ajiye a gefen hanya, suna ƙirga waɗanda ba su da wurin kwana, sannan a haɗa da na gidajen kwanan agaji. Ƙidayar 2024 ta samu mutum sama da 770,000 a dare guda. Fiye da 150,000 daga cikinsu suna rukunin da hukuma ta ware da sunan masu daɗaɗɗen rashin matsuguni, wato mutumin da ke fama da wata nakasa ta jiki ko taɓin hankali ko jarabar shaye-shaye, ya kuma shekara cur ba shi da gida, ko ya rasa shi sau huɗu cikin shekara uku.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne, ƙasar da ta fi kowace ƙasa dukiya ta sha ɗaukar alkawarin kawar da matsalar, alkawarin bai cika ba. A gefe guda kuma Finlan, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutum kimanin miliyan biyar da rabi, ta rage ta ƙwarai da gaske. Dukansu sun tsara shiri a matakin garuruwa, dukansu sun zuba kuɗin gwamnati. Me ya raba sakamakonsu? Amsar da tarihi ya ba ni ita ce: darajar kowane shiri tana ga yawan ɗakunan da ya samar, masu ƙofa da makulli, da kuma tsawon lokacin da gwamnati ta jure tana biya.

Yadda Titi Ya Cika

A 1955 asibitocin masu taɓin hankali na jihohin Amurka suna ɗauke da mutum sama da 550,000, da yawansu cikin halin ƙunci da wulakanci. Samuwar sababbin magunguna da koke-koken masu kare haƙƙin ɗan Adam suka sa aka fara sallamarsu. A 1963 Shugaba John Kennedy ya sa hannu a dokar da ta tanadi gina cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a unguwanni, domin marar lafiya ya zauna cikin jama'a yana karɓar magani. Niyya ta yi kyau, sai dai da yawa daga cikin cibiyoyin ba a gina su ba, waɗanda aka gina kuma ba su samu isasshen kuɗi ba.

Da farko waɗanda aka sallama sun raɓa a tsofaffin otal-otal masu ɗaki ɗai-ɗai, inda haya ba ta da tsada. A shekarun 1970 aka yi ta rushe waɗannan gine-gine a manyan birane, ko a mayar da su gidajen masu hannu da shuni. Da shekarun 1980 suka kama, tattalin arziki ya shiga matsi, gwamnatin Ronald Reagan kuma ta zabtare kasafin samar da gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Nan da nan mutane suka bayyana a bakin tituna da barguna da kwalaye, irin yawan da ba a gani ba tun zamanin karyewar tattalin arzikin shekarun 1930.

Martanin farko na gaggawa ne. Wata ƙara da aka shigar a birnin Niyok a 1979 ta kai ga yarjejeniyar 1981, wadda ta wajabta wa birnin ba duk namijin da ya rasa makwanci gadon kwana, daga baya aka haɗa da mata da iyalai. A watan Yulin 1987 Reagan ya sa hannu a dokar McKinney, babbar dokar tarayya ta farko da ta ware kuɗi musamman domin marasa matsuguni. Kaso mai yawa na kuɗin ya tafi ga gadaje da abinci da masaukin wucin gadi.

Bahaushe ya san zaure wurin saukar baƙo ne, ya kwana biyu ya wuce ko a shigar da shi cikin gida. Abin da Amurka ta yi a wancan lokaci shi ne faɗaɗa zaure ba tare da ƙara ɗakunan ciki ba. Ta kuma kafa tsani tsakanin zauren da ɗakin. Sai mutum ya bar shaye-shaye, ya riƙa shan magani, ya bi dokokin gidan kwana, kafin a ɗaga shi zuwa masaukin wucin gadi, daga nan in ya ci jarrabawar ɗabi'a a ba shi ɗakin kansa. Wanda ya zame a mataki ɗaya yakan koma ƙasa ya sake farawa. Sakamakon haka, waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, waɗanda suka fi kowa bukatar ɗakin, su ne ba sa taɓa kaiwa sama.

Mutum Biyu da Suka Sauya Lissafi

Sam Tsemberis masanin halayyar ɗan Adam ne da ya yi aiki a titunan Niyok yana kai masu taɓin hankali asibiti. Ya lura cewa mutanen da ya kai su ne yake sake tararwa a inda ya ɗauke su. Da ya riƙa tambayarsu abin da suke so, amsar ba ta wuce wurin zama ba. A 1992 ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing bisa wata manufa da za a iya kira Gida Tukuna: a ba mutum ɗakin haya kai tsaye daga titi, ba tare da sharaɗin barin shaye-shaye ko shan magani ba. Zai biya kashi 30 cikin ɗari na ɗan abin da yake samu, ya yarda ma'aikatan jinya su riƙa ziyartarsa, sauran taimako kuwa sai wanda ya zaɓa. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai san inda zai kwana ba, da wuya ya tuna lokacin shan magani. Binciken da aka buga a 2000 ya nuna kashi 88 cikin ɗari na waɗanda ƙungiyar ta ba ɗaki suna nan cikin gidajensu bayan shekara biyar, alhali na tsarin tsani kashi 47 ne.

Mutum na biyu shi ne Dennis Culhane na Jami'ar Pennsylvania. Shi da abokin aikinsa Randall Kuhn sun bi rajistar gidajen kwana na Niyok da Filadelfiya, suka wallafa sakamako a 1998. Sun gano cewa mafi yawan masu zuwa gidan kwana sukan yi ɗan lokaci ne su tafi, ba su dawowa. Kimanin kashi goma cikin ɗari ne suka mayar da wurin gida, kuma su kaɗai suke cinye rabin kwanakin da ake bayarwa. A wani bincike na 2002 Culhane da abokansa suka lissafa cewa marar matsuguni mai taɓin hankali a Niyok yana lashe wa hukuma kimanin dala 40,000 a shekara, tsakanin asibiti da gidan kwana da gidan yari. Idan aka ba shi ɗaki mai haɗe da kulawa, wannan kuɗi yakan ragu da kimanin dala 16,000, abin da ya kusan biyan kuɗin ɗakin. Tsemberis ya nuna abin zai yiwu, Culhane ya nuna barin mutum a titi ma ba kyauta ba ne. Wannan hujja ta biyu ita ce ta shiga kunnen 'yan siyasa na kowane ɓangare.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A farkon dokar McKinney, kowace ƙungiyar agaji takan nemi kuɗi daga Washinton ita kaɗai. Gari ɗaya sai ya tara gidajen kwana biyar, babu ko ɗakin dindindin guda. A tsakiyar shekarun 1990 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta sauya doka: dole dukan ƙungiyoyi da hukumomin yanki su zauna tare, su auna bukatunsu, su jera ayyuka bisa muhimmanci, su aika takardar nema guda ɗaya. Yau akwai irin waɗannan majalisun yanki kusan 400 a faɗin ƙasar, kuma su ne suke gudanar da ƙidayar watan Janairu. Wannan shi ne mafarin tsara shiri a matakin al'umma: kuɗi daga sama, shawara daga ƙasa.

A 2000 ƙungiyar National Alliance to End Homelessness ta fitar da shirin kawar da rashin matsuguni cikin shekara goma. Gwamnatin George W. Bush ta rungumi ɓangaren da ya shafi masu daɗaɗɗen rashi, ta naɗa Philip Mangano a 2002 ya jagoranci majalisar da ke haɗa ma'aikatun tarayya kan batun. Mangano ya yi ta zagaya garuruwa yana lallashin magadansu, har ɗaruruwan birane da gundumomi suka rubuta nasu shirin na shekara goma. A 2009 Barack Obama ya sa hannu a dokar HEARTH, wadda ta mayar da majalisun yanki doka, ta kuma sa ana auna su da sakamako. Shekara guda bayan haka gwamnatinsa ta sa 2015 a matsayin wa'adin gamawa da daɗaɗɗen rashin matsuguni.

An samu ci gaba na gaske. Adadin ya sauka daga kimanin 120,000 a 2007 zuwa kimanin 77,000 a 2016. Wurare biyu sun fi nuna abin da ke faruwa idan shiri ya haɗu da kuɗi. Na farko tsofaffin sojoji ne. Tun daga 2008 majalisar dokoki ta yi ta ware kuɗin takardun biyan haya domin su, ma'aikatar tsofaffin sojoji kuma tana ba da jinya. Yawansu a cikin marasa matsuguni ya faɗo daga kimanin 74,000 a 2010 zuwa kimanin 33,000 a 2024. Na biyu birnin Houston ne a jihar Texas, inda tun daga 2012, zamanin magajiyar gari Annise Parker, gomman ƙungiyoyi suka amince da jerin sunaye guda da ƙa'ida guda ta zaɓar wanda za a fara ba ɗaki. Sun shigar da mutum sama da 25,000 gidaje cikin shekara goma, marasa matsuguni a yankin suka ragu da fiye da rabi. Wani abin da ya taimaki Houston shi ne, a lokacin gidajen haya suna da yawa, farashinsu da sauƙi.

Ba ko'ina aka dace haka ba. Jihar Utah ta fara nata shirin a 2005, a 2015 ta sanar da cewa ta rage daɗaɗɗen rashin matsuguni da kashi 91 cikin ɗari, duniya ta yi ta yabo. Daga baya masu bincike suka nuna cewa sauya hanyar ƙirga ya kumbura adadin. An taimaki mutane da dama a Utah, amma darasin ya tsaya: ƙidayar da ma'auninta ke sauyawa takan yaudari mai ita. Garuruwa da yawa kuma sun rubuta shiri mai kyau, suka ajiye a kan kanta, domin babu kuɗin gini a bayansa. Daga 2016 haya ta yi ta tashi, musamman a jihohin gaɓar yamma, adadin ya juya sama har ya zarce na 2007. Gregg Colburn da Clayton Aldern sun nuna a littafinsu na 2022 cewa tsadar haya da ƙarancin gidajen da ba kowa a ciki su ne suke bayyana bambancin yawan marasa matsuguni tsakanin birane, fiye da talauci ko shaye-shaye. Ana magani kai yana kaba: ana fitar da mutum ɗaya daga titi, kasuwar haya tana turo wani.

Abin da Finlan Ta Yi

A shekarun da Amurka take rubuta shirye-shiryen shekara goma, Finlan tana bin tata hanyar zuwa ga ra'ayi iri ɗaya. Ita ma ta san wannan ciwo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mazaje da yawa, ciki har da tsofaffin sojoji da masu shan barasa, sun zauna a bukkoki da gidajen kwana a gefen Helsinki, babban birnin ƙasar. Mutuwar wasunsu saboda sanyi a 1967 ta tayar da hankalin jama'a, aka kafa ƙungiyar fafutuka da ake kira Yunƙurin Nuwamba, wadda matashin likita Ilkka Taipale yake cikin jagororinta. A 1985 manyan birane da cocin ƙasar da ƙungiyar Red Cross da wasu ƙungiyoyi suka kafa Gidauniyar Y, aikinta sayen ɗakuna a kasuwa tana ba marasa matsuguni haya. Da aka fara ƙidaya a 1987, an samu kimanin mutum 18,000.

Adadin ya ragu da fiye da rabi cikin shekara ashirin, amma rukuni ɗaya ya ƙi motsi, wato masu daɗaɗɗen rashi, domin Finlan ma tsarin tsani take bi. A 2007 ministan gidaje Jan Vapaavuori ya naɗa mutum huɗu su ba da shawara: Taipale, da bishop ɗin Helsinki Eero Huovinen, da shugaban sashen jin daɗin jama'a na birnin Paavo Voutilainen, da shugaban Gidauniyar Y Hannu Puttonen. Sunan rahotonsu Nimi ovessa, ma'ana suna a jikin ƙofa. Hujjarsu ta mutunci ce kafin ta kuɗi: ɗan ƙasa ya cancanci ƙofar da aka rubuta sunansa a kai, da yarjejeniyar haya irin ta kowa, ko ya warke ko bai warke ba.

Daga rahoton aka fitar da shirin ƙasa na 2008 zuwa 2011, aka bi shi da na biyu har 2015. Abin lura shi ne yadda aka ɗaure shi. Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da birane goma, kowane birni da adadin ɗakunan da zai samar, jimilla 1,250 a zangon farko, aka kuwa zarce. Hukumar kuɗin gidaje ta ƙasa ta ba da tallafin gini da rance mai sauƙi, ma'aikatar lafiya da jin daɗin jama'a ta ɗauki rabin albashin sababbin ma'aikatan kulawa, asusun da ke tara ribar na'urorin caca ya taimaka wajen sayen ɗakuna. Kowa ya san nasa kason da ranar da za a tambaye shi.

Sai kuma matakin da Amurka ba ta ɗauka ba: Finlan ta rufe zauren ta mayar da shi ɗakuna. Gidan kwanan ƙungiyar Salvation Army da ke titin Alppikatu a Helsinki, mai gado 250, an gyara shi ya koma ɗakuna 81, kowane da kicin da banɗaki. Gadajen kwanan agaji a birnin sun sauko daga kusan 600 zuwa 52. Tsakanin 2008 da 2015 masu daɗaɗɗen rashin matsuguni sun ragu da kimanin kashi 35 cikin ɗari, raguwar ta ci gaba bayan haka, har jimillar marasa matsuguni ta sauka ƙasa da 4,000. Gwamnatoci sun sauya tsakanin masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi, shirin bai tsaya ba. Ƙarƙashin wannan duka akwai ginshiƙi: birnin Helsinki ne yake mallakar mafi yawan filayen da ke cikinsa, yana da dubban gidajen haya nasa, Gidauniyar Y kuma ta kai mallakar ɗakuna kimanin 18,000. Mai tsara shiri a can yana da ɗakin da zai nuna.

Iyakar Maganin

Adalci ya sa a faɗi abin da wannan tsari bai yi ba. Ɗaki ba ya warkar da jarabar shaye-shaye shi kaɗai. Wani rahoto na cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka a 2018 ya tabbatar da cewa gida mai haɗe da kulawa yana riƙe mutane cikin muhalli, amma bai samu ƙwaƙƙwarar shaida ba cewa yana gyara lafiyarsu. Batun rarar kuɗi ma ya fi tabbata ga masu tsananin bukata, waɗanda suke yawan kwanciya asibiti. Finlan kuma ƙarama ce, tana da tallafin haya da jinya ga kowa, abin da Amurka ba ta da shi. Masu suka suna da inda suka dogara.

Duk da haka, a ganina auna ɗaki da ma'aunin asibiti kuskure ne. An kafa shirin domin a raba mutum da kwanan titi, ya kuma raba shi. Jinya aiki ne na biyu, mai bukatar nasa kasafin, kuma yinsa a cikin ɗaki ya fi sauƙi a kan yinsa a ƙarƙashin gada.

Tarihin bai rufe ba. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass, ta halatta wa birane hukunta masu kwana a fili ko da babu gadon da za a ba su. A watan Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin janye goyon bayan tarayya daga manufar Gida Tukuna. A Finlan ma, bayan gwamnati ta rage tallafin haya da wasu kuɗaɗen jin daɗin jama'a, ƙidayar 2024 ta nuna ƙaruwar marasa matsuguni karo na farko cikin shekara fiye da goma, adadin ya kai kimanin 3,800.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Wanda ya bi wannan tarihi daga asibitocin 1955 zuwa ƙidayar 2024 zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa. An sallami marasa lafiya ba a gina cibiyoyin da aka yi musu alkawari ba, suka faɗa titi. An rubuta shirye-shiryen shekara goma, inda babu ɗaki a bayansu suka zama takarda. Inda majalisar dokoki ta biya haya shekara bayan shekara, kamar na tsofaffin sojoji, adadi ya faɗi. Inda birane suka sa hannu a kan yawan ɗakuna, gwamnati ta sa hannu a kan kuɗi, kamar Finlan, ya faɗi sosai. Da aka sassauta hannu kuma ya fara ɗagowa.

Saboda haka na ɗauki tsara shirin al'umma da kuɗin gwamnati a matsayin abu biyu da ba sa rabuwa. Al'umma ce ta san sunan wanda ke kwance a tasha da irin ciwonsa, gwamnati ce take da ƙarfin sayen fili da biyan ma'aikacin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa duk mako. Duk shirin da aka kawo a kan wannan matsala, a kowace ƙasa, tambayoyi uku sun isa a gwada shi: ɗaki nawa zai samar, wa zai biya, har zuwa yaushe? Mutum huɗun Helsinki sun amsa su a 2007, shi ya sa dubban mutanen da aka yanke ƙauna a kansu suke da makulli a aljihu yau. Ko za su ci gaba da riƙe shi, wannan yana hannun masu rubuta kasafin kuɗin baɗi.